Tsufan Kayan Ɗab'i a Kwamfuta: Darasi Daga Manhajoji Masu Buɗaɗɗen Tushe Domin Adana Rubuce-rubucen Gwandu

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce ta yi bayani a kan wata matsala wadda masu rubuta manhajar kwamfuta suka daɗe suna fama da ita, watau tsufan kayan aikin da suke haɗa littattafansu na jagora da su. Daga nan sai ta nuna yadda matsalar ta shafe mu, mu masu nazarin harshe da adabi da tarihi, musamman waɗanda ke aiki a kan rubuce-rubucen ƙasar Gwandu. Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi a 2013, wadda mazauninta na dindindin yake a Kalgo, malamai da ɗalibai sun sami wata sabuwar cibiya a cikin masarautar kanta, inda za a iya tattara waɗannan rubuce-rubuce a shigar da su cikin kwamfuta. To, amma shigar da rubutu cikin kwamfuta bai zama adana shi ba. Kowane ɗayanmu ya san wani kundi da aka buga shekaru ashirin da suka wuce, wanda a yau ba ya buɗuwa, ko kuwa in ya buɗu sai a tarar haruffansa sun rikiɗe.

Abin da takardar ke son tabbatarwa guda ɗaya ne: rubutu yana daɗewa ne gwargwadon yadda aka raba asalinsa da kayan aikin da ke fito da shi, domin kayan aiki dole su tsufa, amma asali ba dole ne ya tsufa tare da su ba.

2.0 Ma'anar Wasu Kalmomi

Kafin mu yi nisa, ya kamata mu daidaita a kan kalmomi uku da za su riƙa maimaituwa.

Manhaja mai buɗaɗɗen tushe ita ce wadda masu ita suka bayyana umarce-umarcen da aka gina ta da su, suka kuma ba kowa izinin ya karanta, ya gyara, ya rarraba. Linux da Python suna daga cikin mashahuran misalanta. Galibi jama'a ne daga ƙasashe daban-daban ke haɗuwa su raya irin wannan manhaja, da yawansu kuwa aikin sa-kai suke yi.

Littafin jagora shi ne bayanin da ke rakiyar manhaja, mai koya wa mutum yadda zai yi amfani da ita. Ba a cika rubuta shi kamar yadda muke buga wasiƙa ba. Marubuci yakan rubuta zallar rubutu ne, ya sa wasu 'yan alamomi masu nuna cewa nan babi ne, nan misali ne, nan kuma a duba shafi kaza. Wannan zallar rubutu shi za mu kira asali.

Manhajar ɗab'i kuwa ita ce ke ɗaukar asalin ta sarrafa shi, ta fito da shi a matsayin shafukan intanet ko littafin da za a iya bugawa a takarda. Matsayinta daidai yake da na maɗaba'a: marubuci ya miƙa rubutunsa, ita kuma ta jera haruffa, ta sa lambobin shafi, ta tsara abubuwan da ke ciki.

3.0 Yadda Manhajar Ɗab'i Ke Tsufa

Mai sauraro zai iya tambaya, ta yaya abin da ba ya tsatsa, gara ba ta cinsa, zai tsufa? Amsa ita ce manhaja ba ta tsayawa ita kaɗai. Kowace manhajar ɗab'i tana dogara da wasu ƙananan manhajoji waɗanda za mu iya kira 'yan rakiyarta, su kuma suna dogara da harshen kwamfutar da aka rubuta su da shi, shi kuma yana dogara da tsarin da ke tafiyar da na'urar. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da masu shi, kuma suna sauya shi a lokacin da suka ga dama. Idan na ƙasa ya motsa, na sama sai ya girgiza, ko da ba a taɓa masa ko harafi ɗaya ba.

Alal misali, an fito da Python 3 a watan Disamba na 2008, kuma bai dace da Python 2 a abubuwa da dama ba. An bar biyun suna tafiya tare shekara goma sha ɗaya, har ranar 1 ga Janairu, 2020, sa'ad da aka daina kula da Python 2 baki ɗaya. Manhajar ɗab'in nan mai suna Sphinx, wadda ɗimbin ayyuka ke haɗa littattafansu da ita, ta riga ta saki Python 2 tun a 2019. Saboda haka duk aikin da ya bar littafinsa a kan tsohon tsari sai ya sami kansa tsakanin abu biyu: sabuwar Sphinx ba ta karɓar tsofaffin ƙare-ƙaren da ya yi mata, tsohuwar kuma ba ta tashi a kan sababbin na'urori. Haka kuma a watan Oktoba na 2021 aka sabunta Docutils, ɗaya daga cikin 'yan rakiyar Sphinx, sai ga littattafan ayyuka masu yawa sun ƙi haɗuwa a dare ɗaya, alhali masu su ba su sauya kome ba. Laifinsu kawai shi ne ba su rubuta takamaiman bugun da suke dogara da shi ba, don haka na'ura ta ɗauko musu sabo.

Akwai wani dalili kuma wanda ya shafi halin ɗan Adam. Masu aikin sa-kai sun fi sha'awar ƙara wa manhaja sabon abu a kan gyaran littafinta. Sau da yawa mutum ɗaya ne ya tsara yadda ake haɗa littafin, a kan na'urarsa, kuma shi kaɗai ya san sirrin. Ranar da ya sami wani aiki ya tafi, sai ilmin ya tafi tare da shi. Littafin da aka riga aka haɗa yana nan ana karantawa, don haka ba wanda ya lura, sai ranar da aka zo gyara kuskure guda aka tarar maɗaba'ar ta daɗe da mutuwa.

4.0 Hanyoyin da Aka Bi Wajen Magance Matsalar

Idan muka duba tarihin manyan ayyuka, za mu ga hanyoyi uku.

Hanya ta farko ita ce a tsayar da kayan aikin a inda suke. Ana rubuta sunan kowane ɗan rakiya da lambar bugunsa a cikin wani fayil, a ajiye shi tare da asalin, yadda duk wanda ya zo haɗa littafin zai ɗauko waɗannan ɗin daidai. Wanda ya kai wannan ra'ayi matuƙa shi ne Donald Knuth, wanda ya fito da manhajar TeX a 1978, sa'an nan bayan kimanin shekara goma ya sanar cewa ba zai ƙara mata wani sabon abu ba, sai dai gyaran kuskure. Albarkacin haka, takardun lissafi da aka rubuta da ita tun shekarun 1980 suna haɗuwa har yau. Sai dai ga yawancin ayyuka wannan hanya jinkiri ce kawai, domin ba su da iko a kan 'yan rakiyarsu kamar yadda Knuth yake da iko a kan tasa manhaja.

Hanya ta biyu ita ce ƙaura. Littafin Python da LaTeX aka fara rubuta shi, wanda ke da wuyar koyo ga baƙo, kuma mayar da shi shafukan intanet sai an bi ta wasu kayan aiki masu wuyar sha'ani. Georg Brandl ya rubuta Sphinx domin wannan buƙata, aka mayar da littafin duka zuwa tsari mai sauƙi, aka fito da shi tare da Python 2.6 a watan Oktoba na 2008. Misalin Linux ya fi wannan ban sha'awa saboda yadda aka bi abin a hankali. Shekaru da yawa suna amfani da DocBook, wanda alamominsa suka yi yawa har suna rufe rubutun. A 2016, ƙarƙashin kulawar Jonathan Corbet, aka shigo da Sphinx a bugu na 4.8, amma ba a kori DocBook nan take ba. An bar su biyun suna aiki kafaɗa da kafaɗa, ana ɗauke littattafai ɗaya bayan ɗaya, ana gwada sabon da tsohon, sai da aka ga ba sauran mai dogara da tsohon tukuna aka cire shi a bugu na 4.13, cikin 2017.

Hanya ta uku ita ce a rage dogaro tun daga farko. Gwargwadon yadda asali ya kusanci zallar rubutu, wanda mutum zai iya karantawa da idonsa ba tare da wata manhaja ta musamman ba, gwargwadon sauƙin ɗauke shi zuwa sabon gida. Abin lura a nan shi ne ƙaurar Python da ta Linux duka sun nufi wajen sauƙi ne. A tare da haka, ayyukan da suka ƙware sukan sa na'ura ta riƙa haɗa littafin da kanta duk lokacin da aka yi wani gyara, domin ɓaraka ta bayyana ranar da ta auku, tun tana ƙarama. Rigakafi, in ji Hausawa, ya fi magani.

5.0 Rubuce-rubucen Gwandu Daga Alƙalami Zuwa Kwamfuta

Yanzu bari mu dawo gida, domin abin da muka bayyana a sama ya faru da rubuce-rubucenmu sau da dama, sai dai ba mu ba shi suna ba.

Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya sauka Gwandu a 1805, kuma a rabon da aka yi na 1812 ƙanensa Malam Abdullahi ne aka danƙa wa yammacin daula. A Gwandu ya rasu a 1829, nan kuma hubbarensa yake. Ya bar littattafai masu yawa, daga cikinsu akwai Liya'ul Hukkami, wanda ya rubuta a Kano, da Tazyinul Waraƙati na 1813, da tafsirinsa Liya'ut Ta'awili. Maɗaba'ar wannan zamani ita ce hannun mai kwafi, kayan aikinsa kuwa alƙalamin kara da tawada da takardar da fatake ke kawowa ta hamada, mafi shahararta mai tambarin jinjirin wata uku, wadda ake yi a Italiya. Ba a ɗinke littafi. Warƙoƙi ne a sake, a haɗa su cikin tadarishi, a sa a gafaka.

Waɗannan masu kwafi suna da ƙa'idoji uku da suka cancanci mu tsaya a kansu. Na ɗaya, a ƙasan warƙa sukan rubuta kalmar da za ta buɗe warƙa ta gaba, don haka ko littafi ya watse, tsarinsa yana jikinsa, kowa zai iya mayar da shi. Na biyu, a ƙarshen littafi mai kwafi yakan rubuta sunansa, wani lokaci da sunan wanda aka yi wa kwafin da ranar gamawa. Na uku, akan yi muƙabala, watau a karanta sabon kwafi ana bin asalin, abin da ya faɗi a mayar da shi a gefen shafi. Mai karatu zai ga cewa waɗannan su ne ainihin abubuwan da masu manhaja suka gano daga baya: tsari ya zauna a jikin asali, a rubuta da me aka yi aikin, a kuma gwada sabo da tsoho kafin a saki tsohon.

Ƙarfin wannan tsari ya bayyana a 1853, sa'ad da matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya sauka Gwandu a zamanin Sarki Halilu. A nan aka ba shi aron Tarihus Sudan, littafin tarihin Songhai da Tambutu wanda Abdurrahman Sa'adi ya rubuta a tsakiyar ƙarni na 17. Shekara ɗari biyu littafin yana tafiya daga hannu zuwa hannu har ya iso Gwandu, kuma ya karantu ba tare da wata na'ura ba. Barth ya kwafi wasu sassa cikin gaggawa, aka buga su a Jamus a 1855, amma ya ɗauka littafin na Ahmadu Baba ne, kuskuren da ya zauna har zuwa ƙarshen ƙarnin. A nan ma akwai darasi: abin da aka tsakuro aka raba shi da bayanin asalinsa yakan ɗauki kuskure ya yi nisa da shi.

A ƙarni na 20 kayan aiki suka riƙa sauyawa da sauri. An buga Liya'ut Ta'awili a Alƙahira a 1961, Mervyn Hiskett kuma ya fito da Tazyinul Waraƙati tare da fassarar Turanci a Ibadan a 1963. A 1964 aka kafa cibiyar tattara rubuce-rubucen Larabci a Jami'ar Ibadan, da kuma shirin binciken tarihin Arewa wanda ya zauna a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, duka biyun suka duƙufa ɗaukar hoton littattafai a kan ɗan siririn fim da ake kira maikurofim. Aiki ne mai girma, ya kuma ceci littattafai da dama. Amma fim ɗin ba ya karantuwa sai da na'urarsa, na'urar kuwa ta yi wuyar samu da wuyar gyara, kuma irin fim ɗin wancan zamani yana lalacewa da zafi da laima, har ya riƙa warin tsami. Takardar da ta girme shi da shekara ɗari tana iya fin sa lafiya.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne na haruffa masu ƙugiya. A zamanin tafireta, akan buga k ko d ko b, sa'an nan a bi da biro a sa ƙugiyar da hannu. Da kwamfuta ta zo a shekarun 1990, sai Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya ƙirƙiro zubin haruffa irin su Rabi'at, waɗanda suka fitar da marubuta Hausa daga ƙangi a lokacin da ba wata mafita a hannu. Dabarar irin waɗannan zubi ita ce a ari gurbin wata alama da ba a cika amfani da ita ba, a zana harafin Hausa a wurin. Ido yana ganin ƙ, amma abin da na'ura ta ajiye alamar baka ce. Muddin zubin yana kan na'ura, kome lafiya. Ranar da aka buɗe fayil ɗin a inda babu shi, sai a ga }asa a maimakon ƙasa, ]aya a maimakon ɗaya, ~arawo a maimakon ɓarawo. A nan ma'anar rubutun ta rataya ne a wuyan kayan aiki, watau akasin abin da muke kira a yi.

Maganin wannan shi ne Unicode, tsarin da ya ba kowane harafi na duniya lambarsa ta kansa, wanda ɓ da ɗ da ƙ da ƴ suke cikinsa tun farkon shekarun 1990, ko da yake an daɗe kafin na'urorinmu su iya nuna su yadda ya kamata. Ajami ma ya samu shiga: a 2016 aka ƙara siffofin fa da ƙaf da nun irin na rubutunmu na Warshu, sa'an nan a 2017 ƙungiyar SIL ta fito da zubin Alkalami, mai kwaikwayon hannun marubutan Kano, a ƙarƙashin izini buɗaɗɗe.

6.0 Shawarwari

Mu ƙaddara wani sashe a Kalgo ya ƙudurci tattara waƙoƙi da littattafan malaman Gwandu cikin kwamfuta. Bisa ga abin da ya gabata, ga abin da ya kamata ya kiyaye.

Da farko, a ajiye asali a zallar rubutu na Unicode, boko ne ko ajami ko Larabci, kuma a ajiye hoton kowace warƙa daban a tsarin hoto wanda kowa ya sani. Littafin da aka ƙawata domin bugawa 'ya'ya ne, ana iya sake haifarsa. Asalin shi ne uwa.

Na biyu, kowane aiki ya kasance da takardar bayani a cikinsa, mai faɗin daga wane kwafi aka ɗauko, a hannun wane gida yake, wa ya buga, da wace manhaja da wane bugu nata aka haɗa shi, da matakan haɗawar ɗaya bayan ɗaya. Ma'aunin ingancin wannan takarda shi ne a miƙa ta ga ɗalibin da bai san aikin ba, a kan wata na'ura daban, a ga ko zai iya fito da littafin.

Na uku, a sa lokaci, ko da sau ɗaya ne a kowane zangon karatu, da za a sake haɗa littattafan duka daga asalinsu, ko da ba a sauya kome ba. Abin da ya ƙi haɗuwa a gyara shi a lokacin.

Na huɗu, tsofaffin kundaye da ke cikin zubin haruffa na da, a mayar da su Unicode tun masu su suna raye. Musanya alamomin abu ne mai sauƙi ga na'ura, amma akwai tarko: inda marubuci ya yi nufin alamar baka ta gaskiya, kamar yadda masu nazarin furuci ke yi a kullum, na'ura za ta mayar da ita harafi. Don haka muƙabala wajibi ce, kuma kada a share tsohon fayil bayan an gama.

Na biyar, kada ilmin aikin ya taru a kan mutum ɗaya, kada kuma kwafinsa ya taru a wuri ɗaya. A ba Gidan Tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato da Gidan Arewa a Kaduna nasu kwafi, a kuma mayar wa gidajen da suka ba da aron littattafansu da nasu, tare da bayyana musu a fili irin izinin da ake nema a wurinsu kafin a watsa.

7.0 Kammalawa

A cikin wannan takarda mun ga yadda manhajar ɗab'i ke tsufa saboda motsin abubuwan da take dogara da su, mun ga hanyoyi uku da aka bi, watau tsayarwa da ƙaura da rage dogaro, sa'an nan mun bi rubuce-rubucen Gwandu daga alƙalamin kara zuwa maɗaba'a da maikurofim da kwamfuta. Kira a sabunta kayan aiki ba raini ba ne ga waɗanda suka yi aiki da na jiya, domin gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Sphinx da ake yayi yau ita ma za ta bi sawun DocBook wata rana, kuma masu ita sun san haka.

Tambayar da nake so mahalarta wannan taro su tafi da ita ita ce: kundin da kowannenmu yake bugawa a yanzu, idan wani ɗalibi ya ɗauko shi bayan shekara hamsin, me zai buƙata kafin ya karanta shi, kuma mun rubuta masa wannan bayani a inda zai gani? Masu kwafin Gwandu sun amsa tasu tambayar da kalma guda a ƙasan warƙa da 'yan layuka a ƙarshen littafi. Saura tamu.